Ɗalibi ya sa ra'ayinsa cikin taƙaita labari: a rage masa maki ko a bar shi?

Malamin Hausa, Kano: Assalamu alaikum. Na ba 'yan SS2 aikin taƙaita Ruwan Bagaja a layi goma. Wata yarinya ta fara da cewa, "Labarin wani mayaudari ne da ke ta cutar Malam Zurƙe." Na ja jan biro ƙarƙashin "mayaudari", na rage mata maki biyu. Ni a wurina, taƙaitawa ita ce a faɗi wane ne, me ya fita nema, me ya tare masa hanya, yaya aka ƙare. Yanke hukunci aikin sharhi ne.

Malama, Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Alhaji Imam, tauraron littafin, wanda ta kira mayaudari, shi ne ke ba Koje Sarkin Labari tarihinsa da bakinsa, yana wanke kansa. Yarinyar nan ta ƙi haɗiye maganarsa, kai kuma ka ci ta tara. Ko zaɓen abin da za a saka da wanda za a bari ai ra'ayi ne.

Malamin Hausa: Zaɓe daban, laƙaba wa mutum suna daban, Malama. Da ta rubuta dabarun da suka riƙa ɗana wa juna, da ban taɓa ta ba. Shi Zurƙen ma ai ba ya barin bashi ya kwana, amma ta ɓoye wannan don ta riga ta ɗauki ɓangare.

Tsohon hedimasta, Katsina: Ku saurara, 'ya'yana. Abubakar Imam ya rubuta littafin nan don gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, kuma mun karantar da shi shekaru da dama. Ni sai in sa yaro ya raba takarda biyu: hagu abin da ya faru, dama abin da ya gani game da shi. Duk kalmar da wani ɗan ajin zai iya musantawa da littafi a hannu, a mayar da ita dama.

Malama: Baba, wannan na karɓa. Amma an taɓa nuna wa yarinyar wannan rabon kafin a yanke mata maki?

Malamin Hausa: Gaskiya ban nuna musu ba. Ranar Litinin zan rubuta jimlar a allo ba tare da sunanta ba, mu gyara tare, in mayar mata da makinta. Sai dai "mayaudari" ba zai zauna a hagu ba.

Malama: To ni ma zan gwada a ajina, mu ga inda yara za su ajiye shi.