Karen bana shi ke maganin zomon bana: har da motar tseren hamada?

Malamin Hausa, Ringim: Salamu alaikum jama'a. Karin maganar wannan makon ita ce "karen bana shi ke maganin zomon bana." Ana yawan jefa ta a kan Toyota, wadda ta ci tseren motocin hamada na Dakar a 2019 da Hilux mai injin V8 (silinda takwas) lita 5 marar turbo, wato na'urar da ke danna wa inji ƙarin iska, amma a 2022 ta jingine shi ta fito da sabuwa mai V6 lita 3.5 da turbo biyu. Karen da ya riga ya kamo zomo, me ya sa za a sake shi? Ma'anar maganar ke nan, sabo ya fi tsoho? Masu sifana a hannu, bismillah.

Tsohon Direba, Maigatari: Wa alaikumus salam, Malam. Yara ne suka mayar da ita haka don su ture manya. Ni a fahimtata nauyin maganar yana kan zomon. Zomo ya sake salon gudu, shi ya sa ake neman karen da ya taso tare da shi. Dakar ɗin ma ai ba guda ba ce. An fara ta a ƙarshen 1978 daga Faris, ana ratsa Aljeriya da Agadas da Mali. A 2008 aka soke ta saboda barazanar tsaro a Muritaniya, daga 2009 zuwa 2019 tana Kudancin Amurka, tun 2020 kuma tana Saudiyya. Suna ɗaya, zomo uku.

Injiniyan Kazaure: Baba ya ɗauko hanya. Zomon 2022 doka ce. A shekarar aka buɗe rukunin T1+, wanda ya ba motoci masu jan ƙafa huɗu damar sa taya mai inci 37 maimakon 32, kuma shokazoba ta yi zirga-zirgar milimita 350 maimakon 280, nauyin mota kada ya gaza kilo 2,000. Babbar taya ba ta shiga tsohon gida. Dole a faɗaɗa jiki, a sake hannayen ƙafa, a sake lissafin giya, a ƙara wa burki girma. Wanda ya kai nan ya riga ya ƙera sabuwar mota, sai ya zaɓi injin da zai juya wannan uwar taya cikin yashi tun yana ƙasa-ƙasa, ba sai ya yi kururuwa ba. Nan turbo ya fi. Doka ta ƙayyade ƙarfin inji, ta kuma tsayar da gudu a kilomita 170 a awa, don haka ba a saman gudu ake cin juna ba, a gindin tudun yashi ne.

Makaniken Gumel: Malam, in a kan turbo ne, akwai wadda ta fi dacewa: "da ruwan ciki ake jan na rijiya." Hayaƙin da inji ya tofar, wanda da salansa zai bi ya tafi a banza, shi ake bi da shi ta kan wata 'yar fanka. Tana haɗe da ta biyu a kan sanda guda, ta biyun ta zuƙo iska daga waje ta danna wa silinda. Sandar tana juyi sama da sau 100,000 a minti. Iska ta ƙaru, sai a ƙara mai, ƙaramin inji ya yi aikin babba.

Amfaninsa a hamada kuwa, iska mai zafi sakayau take. Daga digiri 20 zuwa 45 tana rasa wajen kashi 8 cikin 100 na nauyinta, inji marar turbo kuma abin da ya samu shi yake shaƙa. A kan tsauni abin ya fi muni, kusan kashi 10 na ƙarfi a kowace mita 1,000, ga shi a tsaunukan Andis na Kudancin Amurka an riƙa haura mita 4,000. Turbo sai ya ƙara juyi ya cike giɓin.

Malamin Hausa, Ringim: Ta zauna daram a bakinka, Oga, sai dai asalinta a kan mutum take: mai jan guga sai da abin da ya ci ya sha, kamar yadda mai nema sai da ɗan jari. Ta wannan fuskar ma ta hau kan kamfanin, tunda kuɗinsa yake zubawa a yashi don ya jawo na masu saye.

Dillalin Motoci, Ɗambatta: Yauwa, yanzu aka zo wurin. Ku bar zancen doka, ruwa ba ya tsami banza. A 2021 Toyota ta fitar da Land Cruiser 300 ba tare da V8 ba, ta sa mata V6 mai turbo biyu. Mai kuɗin da ya saba da silinda takwas sai ya ga an rage masa biyu an ce ya biya. Da me za a rarrashe shi? Sai aka ɗauki wannan injin aka dasa a Hilux ɗin tsere, direba Nasser Al-Attiyah ya ci da ita a 2022 ya maimaita a 2023. Gani ya kori ji. Mitsubishi ma da haka ta sayar da Pajero: nasara 12, bakwai a jere daga 2001 zuwa 2007.

Tsohon Direba, Maigatari: Alhaji, ba kowa ne talla ta kai shi ba, wani korarsa aka yi. Fijo ɗin da muka sani, ta Kaduna, uwar gidanta a Faransa tana da 205 Turbo 16 da take cin gasar duniya da ita. Bayan haɗurran 1986 aka haramta rukunin B, wanda 205 take ciki, gaba ɗaya, mota ta rasa filin gudu. Sai suka tsawaita ta, suka ƙara mata tanki, suka tura ta Sahara, direbansu Ari Vatanen ya ci Dakar da ita a 1987. A 1988 yana kan gaba da 405 aka sace motar a Bamako, abokinsa Kankkunen ya ƙarasa aikin da 205. To wannan karen bara ne aka yi wa aski, kuma ya kama zomo. Ina karin maganarku?

Injiniyan Kazaure: Baba, motar da aka tsawaita aka sake mata ƙafafu ai ta zama ta bana. Misalin da ya fi tayar da hankalin maganar shi ne Ford. Ta shigo 2025 da Raptor sabuwa fil, amma injinta V8 lita 5 ne marar turbo, ta kuma zo ta uku. Hujjarsu a fili take: babu lagireton iska mai sanyaya iskar turbo da za a nema wa wuri, babu tarin bututu, zafi ya ragu, kuma da an taka take amsawa. Audi kuwa ta ci 2024 da motar da lantarki ke juya ƙafafunta, injin turbo lita 2 da ke cikinta aikin janareta kawai yake yi.

Makaniken Gumel: Ford ta san abin da take gudu. Bari in lissafa wa masu Hilux ɗin dizal da ke bin jigayin Babura da Maigatari, don ciwon iri ɗaya ne.

Ƙura ita ce ta farko. Matatar iska in ta huje, ko kilif ɗin bututu ya saki, yashi yana shiga kai tsaye ya riƙa cin bakin fankar kamar an goga mata fayil. Cire bututun gaba ka haska tocila: bakin fanka mai lafiya kaifi gare shi, wanda ya sha yashi ya dakushe ya yi gatso-gatso. Daga nan sandar ta fara rawa, boris ya tafi, ka ji kuka kamar jiniya. Masu buga matata a jikin taya don kakkaɓe ƙura su ne ke tsaga takardar. A lokacin hunturu a duba ta kowane mako, in ta toshe a sake.

Sai zafi. Ɓangaren hayaƙi a injin fetur yana kaiwa digiri 900, har ya yi ja. Baƙin mai ne ke sanyaya sandar. Ka fito daga yashi ka kashe mota nan take, famfon mai ya tsaya, wanda ya rage a ciki ya ƙone ya zama gawayi ya toshe hanya. A bar ta tana silo minti ɗaya zuwa biyu. Shuɗin hayaƙi alamar mai ya fara tsallakawa ne. Baƙin hayaƙi da rashin ja, nemi inda iska ke zurarewa tsakanin turbo da inji kafin ka taɓa nozul.

Abin da ya fi wahalar da masu ƙera motar tsere shi ne a cikin yashi inji yana aikin ƙarshe, mota kuma tana tafiyar hawainiya, iskar gaba ba ta isa ta sanyaya komai ba. Iskar da turbo ya matsa tana wuce digiri 100, in lagireton iska bai sauke ta ba injin fetur ya fara ƙwanƙwasa, kwamfuta ta rage wuta, ƙarfin da ake taƙama da shi ya gudu a tsakiyar tudu.

Dillalin Motoci, Ɗambatta: Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare ke nan. Amma Oga, tsakani da Allah, abin da suka koyo a can yana isowa motar da nake sayarwa?

Injiniyan Kazaure: Kaɗan, Alhaji. Jikin ta tseren bututun ƙarfe ne aka lulluɓe da ɓawo mai siffar Hilux, tankinta ya haura lita 500, kusan kowane dare kuma makanikai na kwance ta. Abin da ke gangarowa shi ne darasin tace ƙura, sanyaya mai da saitin kwamfuta a zafi.

Tsohon Direba, Maigatari: Ni dai ban sauka daga kan bakana ba, Malam. Zomon yashi bai sake ba: sauke iskar taya daga 35 zuwa wajen 18, sa giya ta biyu, kada ka ɗaga ƙafa a tsakiyar tudu, kada kuma ka murɗa sitiyari da ƙarfi taya ta fita daga rim. Da ka hau kwalta ka nemi mai faci ya mayar maka da iskarka.

Malamin Hausa, Ringim: Baba, an rubuta. Oga na Gumel, minti biyun nan na silo har da wanda ya taho a hankali daga cikin gari, ko sai wanda ya fito daga yashi?