Foliyanilin ya ƙi zama a jikin foliyesta: ko filazma za ta magance?

Ɗalibar Samaru:

Assalamu alaikum. Ina binciken digiri na biyu a nan Zariya kan yadin da lantarki ke iya bi, irin wanda ake so a ɗinka cikin tufafi domin auna bugun zuciya, ko domin hana tartsatsin da yadin roba ke yi a jiki lokacin hunturu. Nakan jiƙa yadin roba na foliyesta cikin sinadarin anilin da ruwan asid, sannan in zuba sinadarin amoniyam fasalfet domin foliyanilin, wato folima (wani nau'in roba) mai ɗaukar wutar lantarki, ya haɗu a jikin zaren. Yadin yakan fito kore shar, mita kuma ta nuna wuta tana bi. Amma idan na goga shi da farin ƙyalle sai koren ya biyo ƙyallen, bayan wanki biyu da garin sabulu kuwa launin ya rikiɗe ya koma shuɗi, mita ta daina nuna komai. An ba ni shawarar in fara sa yadin cikin filazma kafin shafi. Me take yi wa zaren, kuma ta isa ta raba ni da wannan matsala?

Malamin kemistiri:

Wa alaikumus salam, Malama. Fatar foliyesta sumul take, ba ta son ruwa, saboda haka foliyanilin ɗinki kwanciya kawai yake yi a kanta ba tare da ya sami abin kamawa ba. Filazma iska ce da aka tsananta mata wutar lantarki har ƙwayoyinta suka tarwatse, kuma idan ta oksijin ce takan yi aiki biyu: ta kankare saman zaren ya yi kaushi, ta kuma dasa masa rukunonin haidiroksil da kaboksil waɗanda ke jawo ruwa, su ba folimar wurin riƙewa. Duk wannan bai wuce zurfin nanomita 'yan gommai ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), shi ya sa ƙarfin yadin da laushinsa ba sa canzawa. Akwai injin filazma da ake zuƙe wa iska, akwai kuma wanda ke aiki a sarari ba tare da zuƙe iska ba.

Abu biyu zan ja hankalinki a kai. Aikin filazma ba ya daɗewa, domin rukunonin da ta dasa suna juyawa su nutse cikin zaren a hankali, har yadin ya koma ƙin ruwa cikin kwanaki. Idan a wani gari za a yi miki aikin, ki tafi da kayan shafinki ki gama a ranar. Kuma kada ki ce tunda kaɗan ya yi amfani bari a daɗe, domin idan an wuce ƙima saman zaren rugurgujewa yake yi, folimar ta kama gari-garin da ruwa zai tafi da shi.

Tsohon ma'aikacin masaƙa:

'Yata, kafin a kai ga filazma, kin wanke yadin kuwa? Duk yadin da ya fito daga masaƙa yana ɗauke da man da aka shafa wa zare da kuma abin da aka ƙarfafa shi da shi domin saƙa, kuma kowane marini ya san cewa ba a tsoma irinsa a baba sai an fid da wannan dauɗa. Ki wanke, ki shanya, ki ɗiga ruwa ɗigo ɗaya ki duba agogo. Ki maimaita bayan filazma: idan ɗigon da ke tsayawa kamar ƙwallo ya bazu nan take, aiki ya yi. Idan injin ya gagara samuwa, dafa foliyesta cikin ruwan soda mai sauƙi ma yana sa shi kaushi, sai dai yana cin nauyin yadin.

Malamin kemistiri:

Maganar Baba gaskiya ce. Sai dai, Malama, na sake karanta tambayarki, kuma ina ganin cuta biyu kika haɗa wuri ɗaya. Koren da ke biyo ƙyalle shi ne rashin kamawa, shi filazma za ta rage. Komawa shuɗi kuwa ba ɓarewa ba ce: garin sabulu yana da alkali, alkali kuma yana zare asid ɗin da ke sa foliyanilin ɗaukar wuta, sai koren ya zama shuɗi alhali folimar tana nan daram. Ki yanki ƙyallen da kika wanke, ki tsoma cikin ruwan asid haidirokulorik mai sauƙi. Idan kore ya dawo, mita ta motsa, to ba filazma ce maganin wannan ɓangaren ba.

Ɗalibar Samaru:

Na gode, Malam, na gode, Baba. Na tsoma ɗazu da hantsi, koren ya dawo, mita ma ta motsa, amma ba ta kai inda take kafin wanki ba, wato wani abu ya ɓare ke nan. Zan raba yadin kashi uku, wankakke kawai, da na soda, da na filazma, in wanke su da sabulun da ba shi da alkali, in kuma riƙa rubuta laimar iskar ɗakin a kowane awo, tunda hunturu ya kama.