Taƙaitawa: Waƙoƙin da Matasan Jamus ke Saurare

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar tattaunawa da aka yi kan waƙoƙin da matasan Jamus ke saurare, don amfanin mai son sa kiɗa a taron matasa a Jamus.

1. Kusan kowa ya yarda rap na harshen Jamusanci ne ke kan gaba. Masu yin sa da yawa 'ya'yan baƙi ne, shi ya sa ake jin kalmomin Turkanci da Larabci a ciki. Duba jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na kamfanin GfK Entertainment da ke fitowa duk Juma'a kafin ka tsara jerin waƙoƙinka.

2. Techno (kiɗan rawa da ake haɗawa da na'ura) na Berlin: a 2024 aka sa shi cikin jerin al'adun gargajiya na ƙasar. Amma an yi gargaɗi, abin da ke ci a kulob ɗin Berlin ba lallai ya ci a bikin ƙauye ba.

3. Nan ra'ayi ya rabu: Schlager, wato waƙoƙin nishaɗi na Jamusanci masu sauƙin rerawa. Wasu sun ce kiɗan tsofaffi ne. Wasu sun ce a bikin Oktoberfest da bikin Karneval na birnin Kolon (Cologne), matasa ne ke rera shi da ƙarfi, musamman idan dare ya yi nisa. Ni dai na fi gamsuwa da na biyun.

4. Afrobeats na Najeriya yana samun shiga a manyan birane.

5. Inda ake tuntuɓe: taron jama'a sai an yi rajista da GEMA (ƙungiyar da ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa a Jamus) an biya kuɗin haƙƙin waƙa. Ƙarfe 10 na dare a rage sauti, in ba haka ba maƙwabta su kira 'yan sanda. 'Yan shekara 16 da 17 kuwa, ƙarfe 12 na dare su bar kulob.