Neman kalma: cikin da ya zo ba a yi niyyarsa ba

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis zan gabatar da shirin lafiya a rediyo, kuma na maƙale a kan "unintended pregnancy". Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa daga 2015 zuwa 2019 ana samun irin wannan ciki kusan miliyan 121 kowace shekara a duniya, kuma shida cikin goma ana zubar da su. Na rubuta "cikin da ba a so", amma hankalina bai kwanta ba.

Ungozoma: Ƙanena, kada ka faɗi haka a rediyo, domin duk wanda ya ji zai ɗauka cikin shege ake nufi, alhali yawancin waɗanda nake gani a ɗakin awo matan aure ne, ga goyo a baya bai isa yaye ba, ga wani cikin ya shiga. Irin wannan mata ba ƙin ɗan take yi ba, lokacin ne bai yi mata ba, kuma da an yi mata bayanin hanyoyin hana ɗaukar ciki, wato allura, ƙwaya ko ashanar da ake sawa a dantse, tun kafin ta gama wankan jego, da ba ta kai ga shan jiƙe-jiƙe a ɓoye ba.

Malamin Hausa: Hajiya, abin da kika kwatanta sunansa kwanika tun kaka da kakanni. Ga sauran kuwa, na daɗe ina ba da shawarar "cikin ba-zata", gajere ne kuma Hausa ce tsantsa. Masu fassarar gaggawa ne suka jawo mana "ƙayyade iyali", wadda ta sa magidanta suka toshe kunne shekara da shekaru, har sai da aka koma ga "tazarar haihuwa".

Daga Damagaram: Malam, matar da ta nemi allura a asibiti aka ce ta ƙare, ta san ciki zai iya shiga, don haka ba-zata ba ta dace da ita ba. A makarantun mazaje da aka fara a jiharmu, inda ake tara magidanta ana tattauna lafiyar iyali, "hutun haihuwa" ake faɗa mazaje su saurara. Kuma ba dole ba ne sai kalma ta fito daga Kano ta zama Hausa.

Malamin Hausa: Ban ambaci Kano ba, amma daidaitacciyar Hausa tana da ƙa'ida.

Mai fassara: Na gode muku. Zan ce "cikin da ba a shirya masa ba", domin ya haɗa wanda ya zo da wuri da wanda ba a nema ba sam, sannan in kawo kwanika a matsayin misali.

Malamin Hausa: Ya yi tsawo, amma ba kuskure ba ne. A aji dai "cikin ba-zata" zan ci gaba da koyarwa.