Wane suna za mu ba "tablet" ɗin da ɗalibai ke karatu da shi?

1/ Malamai 'yan'uwana, ina neman shawararku. Hausa nake koyarwa a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo. An kawo mana tablet, wato na'urar nan mai faffaɗar fuska da ake shafawa da yatsa, guda 40 don 'yan aji shida su riƙa gwajin tambayoyin JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai shugabar makaranta ta ce in rubuta wa iyaye takardar sanarwa da Hausa. Na zauna rubutu, da na iso sunan abin sai alƙalami ya tsaya.

2/ Da farko na so in bar kalmar yadda take. Abin da ya hana ni shi ne taron iyaye da malamai. Ina cewa za a raba wa yara tabilet, sai wata uwa ta ɗaga hannu daga baya ta ce, "Malam, na tsutsar ciki ne ko na ƙarin jini? Tawa ba ta shan magani sai da sanin babanta." Gaskiyarta. A kunnen Bahaushe kalmar ta riga ta zauna a kan ƙwayar magani da ake saya a kemis, ba za mu iya tayar da ita daga nan ba.

3/ Yaran kansu "babbar waya" suke cewa. Wannan ya fi damuna. Makarantarmu ta hana shigowa da waya, duk wadda aka kama da ita sai an kira iyayenta. A taron nan wani dattijo ya tare ni a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, ni ban saya mata ƙarama ba, ku kuma za ku damƙa mata babba?" Na daɗe ina yi masa bayanin cewa babu layi a ciki, ba a kira, ba a hira, darussa ne kawai da tambayoyin baya. Da ya gamsu sai ya ce, "To ai wannan ba waya ba ce." Nan na gane sunan ne ya ɓata mana lokaci.

4/ "Kwamfutar hannu" ana ji a labarai, amma ana kiran kwamfutar tafi-da-gidanka da shi, wasu ma wayar Android suke nufi. Bai ware abin da muke so ba.

5/ Zuciyata tana komawa kan allo. Ku dubi yadda yarinya ke riƙe abin: hannun hagu ya tallabe shi, gindinsa a cinya, kai a sunkuye, ɗan yatsan dama yana bin layi. Haka muka zauna gaban malam muna yara, da allon itacen aduwa, da tawada a kurtu. Ka biya karatunka, ka wanke, a ɗora maka sabo. Shi ma wannan haka yake, fuska ɗaya ce da darasi ke zuwa ya wuce wani ya maye gurbinsa. Kalmar allo daga Larabci muka aro ta, al-lauh, kuma Larabawan yau daga wannan tushen suka ciro sunan na'urar. Ita kanta kalmar Turancin, asalinta faifan rubutu take nufi tun kafin a san lantarki. A nan gida ma, lokacin da gwamnatin Rauf Aregbesola ta ƙaddamar da irin wannan na'ura ga ɗaliban babbar sakandare a jihar Osun a 2013, sunan Yarbanci suka ba ta, Opon Imo, kusan a ce faifan ilimi. Sun nemi sunan a cikin gidansu, mu ma muna da namu.

6/ Sai dai allo shi kaɗai kaya sun yi masa yawa. Akwai na tsangaya, akwai na jikin bangon aji, ga masu fassarar manhajoji suna kiran fuskar waya allo. A ɗakin malamai mun juya maganar. Malamin lissafi ya ce "allon zamani". Ban karɓa ba, don zamani ba ya tsayawa, kuma mun riga mun rataya wa kalmar komai, daga taki har girki. Wata malama ta ce "allon shafa", tunda shafa fuskarsa ake yi. Ya yi min daɗi a baki, amma malamin addini ya tuna mana da rubutun da ake wankewa a sha a shafa, ya ce tsofaffi can hankalinsu zai tafi. "Allon lantarki" kuma ya fi dacewa da babban allon da ake kafawa a gaban aji.

7/ Abin da na tsaya a kai shi ne KWAMFUTAR ALLO. Muna da kwamfutar tebur, muna da ta tafi-da-gidanka, ga ta uku ta shiga sahu. Kalmar farko ta faɗi jinsin abin, ta biyu ta faɗi siffarsa da aikinsa. Na gwada ta a jimla: "An raba kwamfutocin allo." "Ki sa kwamfutar allonki a caji." Ba ta harɗe harshe. A cikin aji kuma, in an saba, "ku ɗauko allunanku" ya wadatar, babu wadda za ta tashi ta nufi bango.

8/ Wani zai ce suna ba shi ne matsala ba, wutar caji ce da intanet. Na yarda su ma suna nan. Amma tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, WAEC mai shirya jarrabawar kammala sakandare ma ta fara a 2024 da masu zana jarrabawa daga waje. Na ga ɗalibata mai ƙoƙari da ta dawo daga cibiyar jarrabawa tana kuka, ta san amsoshin amma ranar ce ta fara zama gaban na'urar, hannunta na rawa har lokaci ya ci ta. Idan uba ya hana 'yarsa taɓa abin don ya ji an ce waya, ita ce za ta sake faɗawa wannan halin.

9/ Ga yadda na rubuta a takardar: "Makaranta za ta ba 'yarku aron kwamfutar allo don karatu a cikin aji. Ba waya ba ce, kuma ba a tafiya da ita gida." Ranar Litinin za a buga. Kafin nan ina son jin malaman Maraɗi da Damagaram, ku da kalmar Faransanci ta shigo muku, me ɗalibanku ke cewa? Ɗan tsinken da ake rubutu da shi a fuskar na'urar kuwa, alƙalami na bar shi.