Sabo turken wawa: wai wane ne wawan?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya. Shekarata bakwai ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kano, albashina dubu 75. Yanzu wata makaranta a Abuja ta neme ni a kan dubu 190. Da na gaya wa yayana cewa na kasa yanke shawara saboda na saba da mutanen wurinmu, sai ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Sabo turken wawa," ya ci gaba da cin tuwonsa. Ban tanka masa ba, amma ta yi mini ciwo. Mutanen nan su suka haɗa kuɗin asibiti lokacin da aka yi wa maiɗakina aiki a haihuwar ɗanmu na biyu. Shugabar makarantar da kanta ta zo dubiya da kular abinci a hannu. To wanda yake jin nauyin barin irin waɗannan mutane shi ne wawan? Ko ni ne ban gane karin maganar ba?

Baba na Gwammaja:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara duba turken tukuna. Guntun ice ne da ake kafawa a ƙasa a ɗaure dabba. Duk wanda ya yi kiwo ya san akuyar da ta daɗe a turke, ko ka kwance mata igiya, nan za ta yi ta zagaye, iyakar inda igiyar ta saba kai ta. Ga ciyawa can taku goma, ba za ta je ba. Abin da Bahaushe ya hango ke nan. Wawa a nan shi ne wanda babu abin da ya riƙe shi sai "haka na saba", in ka tambaye shi dalili ya yi ta sosa ƙeya. Kai kuwa ka kawo dalili, har da kular abinci. A ganina maganar ba ta hau kanka ba.

Uwar Biyu:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma kun yi wa maganar nan sassauci. Ai kowa da ke turke yana da dalilinsa, ita ma akuyar da za ta yi magana cewa za ta yi inuwar nan ta fi daɗi. Malam, ka duba: mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a watan Yulin 2024 dubu 70 ne. Shekara bakwai kana riƙe da alli, dubu biyar ce tsakaninka da wanda aka ɗauka jiya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 sai da ta haura dubu. Sau nawa aka yi maka ƙari tun lokacin? Ban ce ba mutanen kirki ba ne. Amma sabo da kaza ba ya hana a yanka ta. Ranar da iyaye suka kwashe 'ya'yansu saboda tsada, mai makaranta lissafi zai yi, ba zai tuna kular abinci ba.

Ɗan Mararaba:
Hajiya, ku bari wanda ke cikin ruwan ya faɗi zurfinsa. Malam, dubu 190 a Kano kuɗi ne, a Abuja labari ne. Haya ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali, ga na lauya. Da wannan albashin ba cikin gari za ka zauna ba, sai Mararaba ko Suleja ko Zuba. Ni da sallar asuba nake fita don kada cunkoson Nyanya ya riƙe ni, ba na dawowa sai bayan isha'i. Yarana barci nake bari, barci nake tararwa. Kada garin neman ƙiba a samo rama. Tambayata biyu ce: haya kake biya yanzu? 'Ya'yanka a ina suke karatu?

Malamin Lissafi:
Gidan gado nake zaune, a sashen mahaifinmu. Yarana biyu a makarantar suke, rabin kuɗi ake karɓa a wurina. Da keke ma ina iya zuwa aiki.

Ɗan Mararaba:
To ka ga ashe ba dubu 75 kake ɗauka ba. Ka sa wa waɗannan farashi ka sake lissafin, kai ne ma malamin lissafi.

Ɗalibar Hausa:
Ku gafarce ni in ɗan ratsa. Na ga wasu a waje suna rubuta "saɓo turken wawa" da ɓ mai lanƙwasa, alhali saɓo shi ne zunubi, wata kalma ce daban. Sannan akwai sabo kishiyar tsoho, a rubuce iri ɗaya ne da namu, karin sauti ne ya raba su. Wani ɗan ajinmu har fassara ya yi wai wawa ne ke ruɗuwa da sabon abu. Kuskure ne, amma da na karanta labarin Mararaba sai na ga kuskuren ma yana da wurin zama.

Baba na Gwammaja:
'Yata, kin ba ni dariya. Ke kuma Uwar Biyu, na ji hujjarki, sai dai ki tuna Bahaushen da ya ce sabo turken wawa shi ne dai ya ce ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo ake wa. Da sabo wauta ne zalla, da bai faɗi haka ba. Shi ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi in ji kifi, shi kuma ya ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba ruɗewa ya yi ba. Karin magana kamar kayan wanzami ne, akwai aska akwai ƙaho, sai an ga ciwon ake zaɓa. Ni na yi shekara 35 a aikin gwamnati. Na ga wanda ya tafi ya dawo da mota, na ga wanda ya dawo da jakar da ya tafi da ita, zip ɗin ma ya lalace.

Uwar Biyu:
Baba, na karɓi ta kuka. Amma kuka ake yi a kuma ɗauki gawa a kai ta makwancinta, ba a fasa. Abin da nake so Malam ya raba shi ne sabo da zumunci. Sabo yana manne da wuri: kujerarka a ɗakin malamai, mai shayin bakin ƙofa da ya san sukarinka cokali nawa ne. Zumunta kuwa a ƙafa take. In waɗanda suka biya kuɗin asibitin nan don Allah suka yi, ko Legas ka koma za su zo sunan ɗanka na uku. In tafiyarka za ta sa su juya maka baya, to yayanka bai yi ƙarya ba.

Ma'aikaciyar Ofis:
Ni ba gwanar karin magana ba ce. Malam, kada ka ajiye aiki sai takardar ɗauka ta zo hannunka a rubuce, ka ga wata nawa ne na gwaji. Ka tambaye su fansho: a dokar fansho ta 2014 wanda ya ɗauke ka aiki yana zuba kashi 10 cikin ɗari na albashinka, kai kana zuba 8, kuma asusun naka ne, yana bin ka duk inda ka koma. Ka tambaya ko 190 ɗin kafin cire haraji ne ko bayansa, kuma ko ana biya lokacin dogon hutu. In za ka tafi, dokar ƙwadago ta ce wanda ya kai shekara biyar notis ɗin wata guda zai bayar. Ni dai da za ka ji tawa, ka bari zango ya ƙare, kada ka bar 'yan ajin ƙarshe a tsakiyar shirin jarrabawa.

Malamin Lissafi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau bayan an tashi na samu shugabarmu na gaya mata komai. Ta yi shiru har na ji kunya. Can ta ce za ta roƙi mai makaranta ya ƙara mini dubu 15, iyakar ƙarfinta ke nan, sannan ta ce da ita ce ni, da tafiya za ta yi ta gwada shekara ɗaya, ta bar iyali a Kano. Wannan ta fi maganar yayana rikita ni. Makarantar Abujar ta ba ni zuwa Litinin in ba ta amsa. Sai da na fito ma na tuna muna tsakiyar adashen malamai, mu goma sha biyu.

Baba na Gwammaja:
Ka riga ka ɗauka ne, ko ɗaukarka tana gaba?

Malamin Lissafi:
Na ɗauka tun watan jiya, Baba. Saura zubi takwas a kaina.