Shinkafa mai ganye da lemun tsami: a ina ɗacin yake fitowa?

Amarya: Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawararku a kan farar shinkafar nan da ake haɗawa da ɗanyen ganye mai ƙamshi da lemun tsami, a ajiye ta a gefen gasasshen kifi ko kaza. Sau biyu ke nan ina gwada ta, kuma duka biyun ba ta yi ba. Na wanke basmati kofi 2, na zuba ruwa kofi 4, na matse lemun tsami guda 3 a cikin ruwan, na yanyanka ɓawon guda ɗaya na jefa, sannan na zuba ganyen fasili da na'ana'a na rufe tukunya. Da na sauke sai na tarar ganyen ya dafe ya koma ruwan ƙasa, shinkafar ta caɓe, ga wani ɗaci da ke tsayawa a maƙogwaro. Don Allah a nuna mini inda na kuskure.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam, 'yata. Kayan da kika haɗa duk daidai ne, lokacin da kika zuba su ne ya ɓata miki girki. Lemun tsami abu biyu yake bayarwa, kuma kowanne da wurin zamansa. Ƙamshin yana cikin siririyar fatar nan ta sama mai launi, inda ƙananan ƙofofin mai suke, shi kuwa tsamin yana cikin ruwan. Tsakanin fatar da tsokar akwai wani farin ɓawo mai kama da soso, kuma shi ne gidan ɗaci. Da kika yanka ɓawon gaba ɗaya kika tafasa shi, kin dafa farin nan ne tare da shinkafarki, ita kuma shinkafa duk abin da ke cikin ruwanta sai ta shanye shi. Idan 'ya'yan lemun sun faɗa cikin tukunyar lokacin matsewa, su ma suna ƙara nasu ɗacin.

Abin da za ki yi shi ne ki wanke lemun da ruwan ɗumi ki goge shi, musamman idan irin wanda ake shafa wa kakin sheƙi ne, sannan ki goga fatar a kan ƙananan haƙoran magogi tun kafin ki yanka shi. Da zarar kin ga fari ya bayyana, ki juya zuwa wani gefen. Ruwan kuwa ki matse shi a kofi, ki tace, ki ajiye shi gefe guda, kada ya ga tukunya sai bayan kin kashe wuta.

Maman 'Yan Biyu: Hajiya ta gama magana a kan ɗaci, bari ni kuma in taɓa caɓewar. Ƙanwata, kofi 4 na ruwa ya yi wa basmati kofi 2 yawa, balle kin ƙara da ruwan lemu guda 3 a kai. Ni kofi ɗaya da rabi na ruwa nake ba kowane kofin basmati, wato kofi 3 ke nan a naki awon. Ina wanke ta har sai ruwan ya daina fari, domin sitacin da ke jikin ƙwayar shi ne yake sa danƙo, in jiƙa ta minti 20 zuwa 30, in tsane ta sosai a gwagwa. Daga nan sai in narka bota cokali 2 a tukunya, in soya rabin albasa yankakkiya ƙanana har ta yi laushi ba tare da ta yi ja ba, in sa tafarnuwa ɗiya 2, in juye shinkafar in juya ta kamar minti 2 har mai ya lulluɓe kowace ƙwaya. A nan nake zuba gogaggiyar fatar lemun, domin ƙamshinta mai ne, kuma mai a cikin mai yake narkewa. Sai ruwan zafi da gishiri ƙaramin cokali ɗaya. Idan ta tafasa in rage wuta can ƙasa, in rufe, minti 12 zuwa 15 ba buɗewa.

Malam Kuku: Ina gaida Hajiya da sauran jama'a. Awon Maman 'Yan Biyu shi ne nawa, amma ina da ja a wuri ɗaya. Fatar lemun da aka soya aka kuma dafa minti 15 tana barin ƙamshi mai zurfi a cikin ƙwayar, wannan gaskiya ne, sai dai kaifin ƙamshin nan da ke bugun hanci idan an buɗe kwano yana bin tururi ya tafi. Saboda haka ni raba ta biyu nake yi, rabi a cikin mai tun farko, rabi kuma a ƙarshe tare da ganye. Wannan ga babban lemun tsami mai launin rawaya ke nan. Idan ƙaramin nan ne kore, fatarsa ta fi siranta, kuma a hannuna ya fi saurin juyewa ɗaci idan ya daɗe a wuta, don haka gaba ɗaya nake barinsa sai ƙarshe.

Batun ganyen da ya koma ruwan ƙasa kuma, dalilinsa sananne ne. Sinadarin da ke ba ganye launin kore, wanda ake kira kulorofil, yana riƙe da ƙwayar maganiziyam a tsakiyarsa. Idan zafi da tsami suka haɗu a kansa sai maganiziyam ɗin ya fice, koren ya dushe ya koma kalar busasshen ganye. Amarya ta haɗa masa duka biyun a tukunya ɗaya har tsawon dahuwar shinkafa, ba yadda za a yi ya tsira.

Amarya: Na gode ƙwarai. To Malam, shin kowane ganye ne ake bari sai ƙarshe? Ina da busasshen tayim da rosmeri a gida, su ma in jira da su?

Malam Kuku: A'a, ranki ya daɗe, ganyen ƙamshi iri biyu ne. Akwai masu tauri irin su tayim, rosmeri da ganyen belif, waɗanda ba sa sakin ƙamshinsu sai sun ji zafi, su ake sawa tun farko tare da ruwa, a tsame ganyen belif da karan rosmeri kafin a zuba abinci. Akwai kuma masu laushi, wato fasili, koriyanda, na'ana'a, dil, ɗoɗɗoya da lawashin albasa, waɗanda zafin shinkafar da aka sauke ma ya ishe su. Ga shinkafa kofi 2, ƙaramin cokali rabi na busasshen tayim ya wadatar, domin busasshe ya ninka ɗanye ƙarfi kamar sau 3. Rosmeri kuwa ni ban cika sa shi a wannan shinkafar ba, yana da son mulki, idan ya shiga sai ya danne lemun.

Yaya Uwargida: Ina so in ƙara wani abu a kan yankan ganyen, domin a nan na daɗe ina shan wahala. Ganyen da aka wanke aka yanka shi a jiƙe yana dagargajewa ne, ya manne a jikin katako, ruwansa ya fita tun kafin ya isa tukunya. Yanzu ina wanke shi da wuri, in baza a kan tsabtataccen ƙyalle ya bushe sarai, sannan in yanka da wuƙa mai kaifi, sau ɗaya ko biyu kawai nake bi ta kansa. Na'ana'a da ɗoɗɗoya sun fi kowa saurin baƙi idan an murje su, kamar yadda yankakken tuffa yake yin duhu idan ya sha iska, saboda haka su ne na ƙarshen yanka, ana gab da zuba abinci.

Haɗin da na fi so ga shinkafa kofi 2 shi ne fasili cikin kofi ɗaya ba a danna ba, na'ana'a cokali 2, lawashi cokali 2. Fasili shi ne ginshiƙi saboda ba ya da hayaniya, ita kuwa na'ana'a idan ta wuce haka sai shinkafar ta riƙa tuna wa mutum da man goge baki. Wanda ke son koriyanda yana iya musanya rabin fasilin da ita, amma idan baƙi za a ciyar a yi tambaya tukuna. Akwai mutanen da koriyanda ke yi musu ɗanɗanon sabulu, kuma ba tsirfa ba ce, an danganta abin da ƙwayar gado mai suna OR6A2 da ke da hannu a jin ƙamshi. Maigidana yana cikinsu, sai da na yi shekara ina zaton raina girkina yake yi.

Maman 'Yan Biyu: Duk da haka kada mu sa Amarya ta ɗauka cewa dafa ganye tare da shinkafa laifi ne a ko'ina. Mutanen Iran suna da wadda suke kira sabzi polo, inda ake turara shinkafa tare da fasili, dil da koriyanda masu yawa, ana cinta da kifi a bikin sabuwar shekararsu ta Nauruz. A Meziko kuma akwai koriyar shinkafa, wadda ake markaɗa ganyen da ruwan dahuwa. Bambancin shi ne ba a cika ruwan dahuwar da lemun tsami, kuma masu yin sun yarda koren zai ɗan yi duhu domin su sami ɗanɗanon da ya ratsa ƙwayar. A kudancin Indiya, inda ake yin shinkafar lemun tsami da kurkum da 'ya'yan mastad da gyaɗa, su ma dafaffiyar shinkafa suke haɗawa da ruwan lemun a ƙarshe.

Hajiya Babba: Haka ne. Bari in ƙarasa mata abin da ke bayan sauke tukunya, tunda a nan ne girkin yake haɗuwa. Idan minti 15 ɗin nan suka cika, ki kashe wuta ki bar tukunyar a rufe minti 10, domin tururin da ya rage ya daidaita danshin sama da na ƙasa. Idan murfinki yana ɗigar da ruwa, ki shimfiɗa tsabtataccen ƙyalle a ƙarƙashinsa bayan kin kashe wutar. Kafin lokacin ya cika ki kaɗa ruwan lemu cokali 2 da man zaitun cokali ɗaya da ɗan gishiri a kofi. Sai ki buɗe, ki wargaza shinkafar da cokali mai yatsu, ki yayyafa haɗin, ki juya a hankali daga ƙasa zuwa sama, ki ɗanɗana. Babban lemu ɗaya yakan ba da ruwa cokali 2 zuwa 3, kin ga guda 3 da kika matse sun yi yawa nesa ba kusa ba. Ki fara da kaɗan, ƙari yana yiwuwa amma ragi ba ya yiwuwa. Idan kika ji kamar akwai abin da ya rage, ki fara gwada gishiri kafin ki ƙara tsami, sau da yawa shi ne. Ganye da sauran fatar lemu su ne na ƙarshe. Idan tukunyarki ta alminiyam ce marar rufi a ciki, ki juye shinkafar a kwanon tangaran ko na gilashi kafin ki sa lemun, saboda tsami yana cin alminiyam ya bar ɗanɗanon ƙarfe.

Ƙanwar Zaure: Hajiya, ni ba basmati nake amfani da ita ba, doguwar shinkafar nan ce da aka turara kafin a cire mata ɓawo. Za ta yi? Kuma lemun zaƙi fa, yana shiga?

Malam Kuku: Za ta yi, har ma ta fi yafiya ga mai koyo domin ba ta saurin caɓewa. Ita tana son ruwa kofi 2 ga kowane kofi, da minti 20 zuwa 25 a wuta, kuma ba ta bukatar jiƙo. Mai amfani da shinkafa mai dusa a jikinta ya shirya jiran minti 40 zuwa 45. Lemun zaƙi kuwa fatarsa ce abin nema, tana tafiya sosai da tayim idan kaza ce a gefe. Ruwansa shi kaɗai ba ya da tsamin da zai tayar da shinkafa, sai dai a gauraya cokali 2 nasa da cokali ɗaya na lemun tsami. Wanda zai yi dahuwar da romon kaza a madadin ruwa ya rage gishiri, kuma romon ya zama marar kauri don kada ya rufe ƙamshin ganyen.

Anti Nas: Nawa jan hankalin a kan ragowar ne, tunda ana yawan cin wannan shinkafar da ɗumi-ɗumi ko ma da sanyi, sai a manta da ita a kan tebur. Ɗanyar shinkafa tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus, wadda irinta ba ya mutuwa da tafasa. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a waje sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki dafin da ke sa amai, kuma ɗumame ba ya kashe wannan dafin. Cokali 2 na lemun tsami ba kariya ba ne. Shawarar hukumomin lafiya na Birtaniya ita ce a sanyaya ta da sauri, cikin awa ɗaya idan da hali, a sa a firiji, a cinye cikin kwana ɗaya, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Baza ta a faffaɗan faranti yana sa ta huce da wuri. Idan kun san za a rage, ku ɗebi wadda za a ajiye tun kafin a sa ganye, domin wanda ya kwana da tsami ba zai wayi gari kore ba.

Amarya: Na dawo da rahoto. Jiya da daddare na bi awon Maman 'Yan Biyu, na raba fatar lemun biyu kamar yadda Malam ya ce, na kuma jira minti 10 ɗin Hajiya duk da hannuna yana ta kai wa murfi. Shinkafar ta yi warwar, ganyen ya tsaya kore shar har aka gama ci, ɗacin nan kuwa babu alamarsa. Da na ɗanɗana da farko na ji ta lami, har na ɗauko wani lemun zan yanka, sai na tuna maganar gishiri, na barbaɗa kaɗan, ɗanɗanon ya fito. Matsala ɗaya ce ta rage, ƙasan tukunyar ya kama har ya yi ƙanzo, alhali wutar tana can ƙasa.

Hajiya Babba: Madalla, 'yata. Wannan kuma laifin tukunya ne, gindinta ya yi siriri. Ki nemi mai kauri, ko ki ɗora wadda kike da ita a kan kaskon suya marar komai a ciki, zafin zai bazu maimakon ya taru wuri ɗaya. Idan ƙanzon ja ya yi bai yi baƙi ba kada ki zubar, ki ɓamɓare shi ki ɗiga masa sauran lemun da mai, Iraniyawan da aka ambata ɗazu da gangan suke yin nasu, tahdig suke ce masa.